Mai Shafin Rumfar Kallo

Ranar da Suhaib ya fara ganin Hadiyya, masifa take yi wa wayarta. Ta shigo shagon yayansa da ke kusa da tashar Dutsin-Ma don a saka mata data, tana ta danna fuskar wayar da babban yatsa.

"Wannan mai shafin bai da tausayi," ta ce wa kanta. "Kwana uku kashi na sha huɗu ya ƙi buɗewa, kuma a nan ne za a san ko matar ta dawo."

Suhaib ya leƙa, sai ya ga sunan Rumfar Kallo a saman wayar. Shafinsa ne. Shekara biyu ke nan yana neman izinin masu shirya wasanni masu dogon zango, yana tattara link ɗin kowane kashi wuri ɗaya, don kada mai kallo ya yi ta yawon nema. Ya jawo kwamfutarsa, ya cire mataccen link ɗin, ya saka sabo.

"Sake gwadawa, Malama."

Ta danna, kiɗan farkon shirin ya tashi. Ta dube shi, ta dubi kwamfutar, sai ta ja gefen hijabinta ta rufe baki.

"Kai ne?"

"Ni ne marar tausayin."

Hadiyya ɗiyar Malam Sada ce, limami kuma mai makarantar Alƙur'ani a Kurfi, tana karatu a kwalejin horar da malamai ta Dutsin-Ma. Daga ranar ta zama ita ce mai fara sanar da shi duk link ɗin da ya mutu. Tun saƙonnin suna kan shiri har suka koma kan su biyun.

"Mai Shafi, yau babu abin da ya lalace. Kawai na ce bari in ji lafiyarka."

"Hadiyyata, da na san haka, da tuni na gyara komai don ki rasa hujja."

Bayan wata shida ya aika kawunsa Ilu zuwa Kurfi neman izinin zance. Malam Sada ya karɓe shi da mutunci, ya tambayi sana'ar yaron. Da aka yi masa bayani ya daɗe yana jan carbi.

"Wasan kwaikwayo dai," ya ce. "Ban ce a'a ba, Malam Ilu, amma raina bai kwanta ba. A ba ni lokaci in bincika."

Kafin ya bincika, aka katse sabis ɗin waya a yankin saboda matsalar tsaro. Dutsin-Ma da Kurfi duk suka yi shiru. Kwalejin na hutu, Hadiyya na gida, hanya kuma ba kullum ake binta da kwanciyar hankali ba. Kusan wata uku babu kira, babu saƙo. Suhaib yakan rubuta mata saƙonni a waya ya ajiye, ya san ba za su tafi ba. Shafinsa ma sau biyu kawai ya samu ya leƙa, da ya shiga Katsina, kuma a gurguje.

A cikin watannin nan wani abu ya faru da bai sani ba. Wasu ƙananan masu shirya wasa suna ajiye bidiyonsu a wani shafin ƙasar waje. Shafin ya rufe, wasu suka saye sunansa suka cika shi da hotunan batsa. Duk link ɗin Suhaib da ke zuwa can ya koma kai mutane wurin ƙazanta.

Abdullatif ne ya fara gani. Babban ɗalibin Malam ne, malami a makarantar, kuma ya daɗe yana son Hadiyya bai furta ba. Sati ɗaya da dawowar sabis ya shiga zaure bayan la'asar ya miƙa wa Malam waya. Malam ya duba sau ɗaya ya kifa ta a kan buzu.

Saƙon farko da Suhaib ya samu daga Hadiyya bayan wata uku shi ne: "Na gani da idona. Ashe da irin wannan kake ci? Na tsaya gaban Baba na rantse a kan halinka. Kada ka sake kirana."

Washegari ya hau mota zuwa Kurfi. Ya durƙusa a zauren Malam ya yi bayani dalla-dalla. Malam ya saurare shi har ƙarshe.

"Na ji, kuma ban ce ƙarya kake ba. Amma sunan wa ke saman shafin?"

"Nawa ne, Malam."

"Yaron da ya danna ya ga abin da ya gani, hannun wa ya kai shi?"

Suhaib ya sunkuyar da kai.

"To ka gani. Ba zan ba da ɗiyata ga wanda bai san inda ƙofofin gidansa ke ɓullewa ba. Allah Ya haɗa kowa da rabonsa."

Labarin ya riga shi komawa Dutsin-Ma. Waɗanda ke zuwa shago a da su tambaye shi yaushe sabon kashi zai fito, yanzu sai su nuna shi da baki. Wata mata ta janye ɗanta daga ƙofar shagon a gabansa. Yayansa ya ce ya ɗan huta da zuwa har ƙura ta lafa. Suhaib ya zauna ya goge Rumfar Kallo gaba ɗaya, link sama da dubu biyu da ya saka da hannunsa, ya tattara kayansa ya koma gidan mahaifinsa a Kutawa, ya ɗauki fartanya.

Sai bayan wata huɗu Hadiyya ta gano gaskiya. Wata ƙawarta a kwaleji ta nuna mata shafin wani mutumin Zariya, wanda shi ma irin abin ya same shi a kan waɗannan shirye-shiryen. Ta fita daga aji tana kuka, ta rubuta masa:

"Suhaib, na zalunce ka. Ban tambaye ka ba na yanke maka hukunci. Ka yafe mani don Allah."

Amsar ta zo bayan kwana biyu, don sai ya hau tudu yake samun sabis.

"Na yafe tun ranar, Hadiyyata. Amma Malam ya yi gaskiya, sunana ne a kai. Ki yi masa biyayya. Ni ba ni da abin da zan ba ki yanzu sai gero, shi ma bana bai yi ba."

Ta kai wa mahaifinta hujjar. Ya ce ya sani, kuma bai sauya ba. Da Abdullatif ya fito neman aurenta, Malam ya tambaye ta, ta ce a'a, bai tilasta mata ba. Haka aka zauna: shi ba zai ba ta Suhaib ba, ita ba ta son kowa sai shi. Ta gama kwaleji, ta fara koyarwa a wata firamare. Ƙannenta biyu aka yi wa aure tana kallo. Mahaifiyarta, Hajiya Rekiya, ta daina yi mata maganar, sai dai ta dube ta ta share ido da gefen zane.

"Mai Shafi, shekara biyu yau da rabuwarmu," ta rubuta masa wata rana.

"Babu shafi yanzu, Hadiyya. Kuma kada ki ƙara ƙirgawa. Ina jin tsoron in zama sanadin da za ki tsufa a gida."

Ba ta amsa ba. Shi ma bai sake rubutowa ba. Wata biyar suka wuce a haka.

Wata ranar Asabar da hantsi Abdullatif ya shigo zaure, fuskarsa a murtuke. Tun bara yake ɗaukar karatun Malam a waya yana ajiyewa a wani shafi na kyauta, yana raba link ɗin ga ɗalibai da iyayensu da sunan Malam Sada. Wannan shafin ma ya rufe an sayar. Yanzu duk wanda ya danna "Karatun Malam Sada, zama na tara" sai ya faɗa gidan caca. Wani dattijo daga Ɗantutture ne ya bugo waya yana tambaya ko lafiya.

"Malam, wallahi ban san yaushe ya canza ba," in ji Abdullatif. "Kuma tun da na gani nake tunanin yaron nan Suhaib. Ranar da na nuna maku wayar a kansa, na san ina da wata manufa a raina."

Malam bai yi masa faɗa ba. Ya ce a sanar da mutane, a goge. Ya shiga cikin gida ya zauna kusa da Hajiya Rekiya.

"Ni ma sunana ne a kai," ya ce mata. "Kuma babu wanda ya kore ni daga gari. Hajiya, na yi wa yaron mutane nauyin hannu."

Da kansa ya je Kutawa. Ya samu Suhaib a gona, ya rame, ya yi baƙi, tafin hannunsa duk kanta. Suhaib ya yar da fartanya zai durƙusa, Malam ya riƙe kafaɗarsa.

"Ɗana, in har yanzu kana so, ka turo Malam Ilu."

Suhaib ya juya baya ya rufe fuska da hularsa.

An ɗaura auren ranar Juma'a a masallacin Malam, bayan an sauko. Ba a yi wani taro mai yawa ba. Wasu a Dutsin-Ma har gobe ba su daina ƙus-ƙus ba, kuma shekarun da suka tafi babu mai mayar da su. Da aka zo tafiya da amarya, Malam ya kira su biyun zaure, ya ɗora hannu a kan Hadiyya.

"Na jinkirta maku, ku yafe mani. Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya ba ku zuri'a mai albarka, Ya musanya maku abin da kuka rasa da mafi alheri."

"Amin, Baba," suka ce tare.

A cikin motar da za ta kai su Kutawa, Hadiyya ta ɗaga mayafi kaɗan ta dube shi.

"Ɗaki ɗaya ne fa, Hadiyyata," ya ce a hankali. "Kuma rufin na yoyo ta gefen gabas."

"To sai mu matsar da gadon yamma," ta ce, ta saki mayafin.