Ramar Mai Jego

Nkolika na zaune a falo tana ba jaririnta nono, mahaifiyarta ta dire mata kwanon doya da romon busasshen kifi, ya ji kimba har ido na ruwa. Tun daga ƙauye Mama ta zo Awka yi wa 'yarta jego, kuma ta rantse ba za ta koma ba sai wuyan Nkolika ya yi ninki. Mai jego ta fita coci ranar godiya babu kumatu? Ai an gama da mutuncin uwarta a gaban mata!

To amma Nkolika ci take kamar gara, jikin kuwa sai zubewa yake yi. Zoben aurenta ma ya fara yawo a yatsa.

Mama ta kama tsintsiyar hannunta, ta kewaye da yatsu biyu, sai ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo ni! Haka ƙanwata Ukamaka ta fara. Daga rama sai tari, daga tari sai kabari. Ita ma mijinta direba ne."

"Mama! Me kike nufi?"

"Kin fi ni sani. Mutum yau ya kwana Legas, gobe Fatakwal—wa ya san abin da ya kwaso miki? Cire yaron nan, kada ki shayar da shi ajali!"

An yi wa Nkolika gwajin ƙanjamau wajen awo, amma tun cikin yana ƙarami. Ta dubi ɗan bakin da ke tsotsa hankali kwance, tsoro ya rufe ta. Da hannunta ta zare nonon, yaron ya tsandara kuka.

Da yamma mijinta Somadina ya dawo daga tafiya, yana fara'a da burodi a leda. Mama ta tare shi a ƙofa, ta zazzage masa tas, ta ce kaya za ta haɗa ta tafi da 'yarta da jikanta, kawunnai su mayar masa da sadakinsa.

Ya leƙa ta kafaɗarta ya dubi matarsa.

"Nkoli, ke ma haka kike zato?"

Ta so ta ce a'a, bakin ya ƙi. Sai hawaye.

Ya ajiye ledar a hankali. "Shi ke nan. Mama, ki yi mini haƙuri zuwa gobe. Mu je asibiti a yi tes, kuma a fara da ni."

Kafin goben ta yi, yaron ya ƙi madarar kwalba, ya yi kuka har muryarsa ta dushe. Nono ya cika ya yi tauri, rigar Nkolika ta jiƙe, amma tana tsoron ba shi. Bayan an ɗebi jininsu, a bencin asibiti Somadina ya zauna can gefe, Mama a tsakaninsu tana jan carbinta. Duk ƙofar da aka buɗe sai Nkolika ta ɗaga kai.

Can nas ta kira su. Ta duba sakamakon, ta ɗora yaron a sikeli, ta yi dariya.

"Lafiyarku ƙalau ku biyun. Madam, ga inda ƙibarki ta tafi, dubi cinyoyin bebin nan! Wasu matan haka shayarwa take zabge su, wasu kuma ko gezau. Ki ci, ki sha ruwa, ki huta. Amma me ya sa yake kukan yunwa? Wa ya ce a cire shi?"

Mama ta shiga gyaran ɗaurin ɗankwalin da bai kwance ba.

Nan take Nkolika ta sa shi a nono, ya cafke yana ajiyar zuciya. Ta matsa kusa da mijinta. "Sori, maigidana. Don Allah ka yafe mini."

"Maganar Mama ba ta ƙona ni ba, uwa ce, tsoro ta ji," in ji shi. "Shirunki ne ya ƙona ni." Ya sa hannu ya share mata hawaye. "Ya wuce."

Mama ta yi ƙasa da murya. "Surukina, na zalunce ka."

Haƙurin Somadina ne ya riƙe auren nan. Da ya biye wa zuciya a bakin ƙofa, da yaron ya rasa nono, ya rasa uba, a kan ciwon da babu shi. Don haka 'yan'uwa, in jiki ya canza a je a tambayi masu sani, kada tsoro ya sa a yanke wa masoyi hukunci.