Yatsan da Na Goge

Da yamma Ajan Wirot, shugabanmu na masu tono a Kalasin, ya aike ni in rufe rami da tampol kafin ruwa ya sauko. Na hau babur na ratsa gonar rogo, raina a jagule, don na san abin da na shuka.

A ramin nan muka haƙo ƙasusuwan ƙafafun dinoso, wata ƙatuwar dabbar zamanin da mai cin nama, yatsu uku-uku. Kowace gaɓa da abokiyar zamanta: bakin wannan ƙashi kwari ne, na wancan tudu, su shige juna sai yatsa ya lanƙwashe. Ni kuwa, sarkin gaggawa, na ɗauki ƙashin yatsan tsakiya na ƙafar hagu na kai ƙafar dama. Da ya ƙi zama, na sa magagari na goge shi. Ajan ya gano, ya ɗora laifin a kan Pa Buakham, tsohuwar da ta koya min aikin, wai idonta ya gaji. Aka sallame ta. Ina tsaye a wurin, na yi gum.

Ina cikin jan tampol, kwaɗi suka yi tsit.

Ƙarnin ɗanyen nama ya taso.

Dim. Sai ƙurrr, ƙashi na gugar ƙashi. Dim. Ƙurrr.

Ban ga kowa ba. Taɓo ne ya lotsa a gabana: sawu mai yatsu uku, ya fi faifai faɗi. Na tsakiyan a karkace.

Wani sawun ya faɗo, dab da ni.

"Ka yafe min," na ce cikin raɗa.

Nauyi ya sauka a kan ƙafata ta dama. Na ji ƙas!

Ban san yadda na tada babur ba. Sai ga ni a ƙofar Pa Buakham, tana dunƙula shinkafa mai danƙo. Na durƙusa, na haɗa tafukana.

"Pa, ni ne na goge shi."

"Zauna ka ci, Bak Suk," in ji ta. "Ai ina kallonka ranar. Ko magagarin ma ba ka iya riƙewa ba."

"To me ya hana ki faɗa?"

"Jira nake ka faɗa da bakinka."

Wallahi kunyar ta fi zafin ƙafar.

Washegari na tona kaina a gaban kowa, aka dawo da ita. Yatsan ƙafata na tsakiya bai ƙara lanƙwasuwa ba, a karkace ya warke. A bakin ɗakin aiki muke cire takalmi, don haka kullum sai an kalle shi. Ita kaɗai ce ba ta taɓa kai idonta wurin ba.