Lita Goma Sha Takwas na Kananzir

Ƙarfe goma na safe aka kira Insfekta Kumagai, ko karyawa bai gama ba. Wata motar kwana, irin masu gado da kicin a ciki da tsofaffi ke saye idan sun yi ritaya, ta mace a gangaren da ke ƙasan tashar hutun matafiya, ta je ta daki ƙarfen gefen titi. Matar mai motar ta karye a hannu.

Da ya isa, bakanike ya miƙo masa murfin tanki.

"Sunsuna, Yallaɓai."

"Kananzir," in ji Kumagai.

"Shi ne. An zuƙe man gas, an cike gurbinsa da wannan don kada allurar ma'aunin mai ta sauka."

Mai motar, wani tsohon malamin makaranta da ake kira Toyoshima, yana zaune a kan dutse.

"Murfin nan da makulli ake buɗe shi, kuma ba a ɓalle shi ba," in ji Insfekta. "Yaushe makullin ya bar hannunka?"

"Bai taɓa ba! Sai dai jiya da la'asar da muka shiga gidan wankan ruwan zafi na tashar. A kwandon tufafi na bar shi, kamar kowa."

"Ƙarfe nawa?"

"Daga huɗu zuwa biyar."

A filin tashar motocin kwana guda goma sha ɗaya ne jere, duk 'yan ƙungiya guda da suka zo lardin Akita kallon yadda ganyen bishiyoyi ke yin ja a kaka. Bara motoci talatin suka zo. Mai ya yi tsadar da ta zaunar da sauran a gida, waɗanda suka fito kuwa ba su da hira sai ta lita da kilomita. Wani har tayar ko-ta-kwana ya bari a gida wai don mota ta rage nauyi.

Kumagai ya tarar sun yi wa wata ƙaramar tsohuwar mota zobe a can ƙarshen fili. A ƙofarta wata tsohuwa ce tsaye, ta riƙe ƙugu.

Wani mai faffaɗan ƙirji da hular direbobi ya tare shi da rusunawa.

"Nishiwaki, shugaban ƙungiya, daga Osaka. Mun rage maka aiki, Yallaɓai. Ga ɓarauniyar, ga kuma jarkar da muka zaro daga ƙarƙashin motarta."

"Ɓarauniya tana gidanku," in ji tsohuwar.

Sunanta Kagaya Fumie, shekara saba'in da huɗu. Ba 'yar ƙungiya ba ce. Tun da mijinta ya mutu ta kulle gida ta koma cikin motar da ya ƙera wa gado da hannunsa, tana zagaya lardin, inda ta ga dama nan take kwana.

"Iya, jiya daga huɗu zuwa biyar kina ina?"

"Daji, tsintar ganyen miya."

"Wane dajin?"

"Ba zan faɗa ba."

"Haba Iya, kanki za ki wanke."

"Shekara arba'in ko surukata ban nuna wa wurin ba, sai kai? Ka kulle ni."

Kumagai ɗan ƙauye ne, ya san halinsu. Mai tsintar ganye gara ka tambaye ta haƙorinta.

Manajan tashar ya matso yana murza hannuwa. Ya ce ya riga ya buga wa ɗanta waya, yana hanya daga Sendai.

Nan ne kawai fuskar tsohuwar ta motsa. Ta rage murya.

"Ya ce in aka sake kiransa a kaina ko sau ɗaya, zai karɓe makullin motar ya kai ni gidan tsofaffi. Yallaɓai, ban saci man kowa ba. Kuma makullin nan sai dai a zare shi daga hannun gawata."

Kumagai ya duba agogo. Daga Sendai awa uku ce.

Ya tsugunna ya leƙa ƙarƙashin motar. Jarkokin kananzir biyu ne na murhun ɗumama ɗakinta, jajaye, irin na kowane gida a nan arewa. Ya juyo ya dubi wadda aka zaro. Shuɗiya ce, mai lita goma sha takwas, babu ko ɗigo a ciki.

"Iya, kin taɓa sayen shuɗiya?"

"A ina zan gan ta? Ai sai mutanen yamma."

Haka ne kuwa. Ya bi lambobin motocin ɗaya bayan ɗaya. Uku ne suka fito daga yamma, har da ta Nishiwaki.

Wayarsa ta yi ƙara, babban ofis ne. Wai ƙungiyar baƙi ce masu kawo wa garin ciniki, ya kawo tsohuwar ta ba da bayani a rufe magana.

"Ranka ya daɗe, ba zan kawo ta ba."

"Me ka ce?"

"Na ce sai na gama." Ya kashe wayar.

Ya wuce gidan wankan. Mai tsaron ƙofa dattijuwa ce, tana ninke tawul.

"Mace za ta iya shiga ɓangaren maza ta ɗauki abu a kwando?"

"A gabana? Tabɗi. Ko ƙuda sai na san jinsinsa."

"Cikin maza akwai wanda ya fita ya dawo?"

"Akwai. Wani ya fita wai ya manta reza, ya daɗe kafin ya dawo. Fuska kam ban riƙe ba, tsofaffin nan da tawul a ka duk kamarsu ɗaya."

Kumagai ya dawo fili ya tara masu motoci ukun nan na yamma. Kowa ya rantse yana cikin ruwa har biyar. Nishiwaki ya fi kowa ɗaga murya.

"Ni da na jiƙu har fatar yatsuna ta tattare? Tambayi kowa!"

"Kana da jarkar kananzir?"

"Ba na ɗaukar nauyin banza. Kowane kilo mai yake ci."

"Yaushe rabonka da shan mai?"

"Shekaranjiya, a Yamagata."

Kumagai ya saki fuska, ya shafa gefen motar Nishiwaki, doguwa fara tas kamar yau aka wanke ta.

"Kai, wannan ai gida ce sukutum. Ni ma saura shekara biyu in yi ritaya, ina sha'awa, amma an ce shan mai gare su kamar raƙumi. Kilomita bakwai a lita, ko?"

"Bakwai?" Nishiwaki ya zabura kamar an zagi mahaifinsa. "Goma sha ɗaya da ɗigo huɗu!"

"Haba Shugaba. Wannan ƙatuwar?"

"Kana cewa ƙarya nake yi?"

"Baki dai ba ya biyan haraji."

Sauran suka kwashe da dariya. Nishiwaki ya tuɓe takalmi ya faɗa cikin motar, ya fito da wani littafi mai baƙin bango ya danƙa masa.

"Shekara talatin da ɗaya, tun ina tuƙin tirela! Ko cokali ɗaya na mai bai taɓa shiga tankina ban rubuta ba. Karanta!"

Kumagai ya karanta. Rubutu ne tsaf, kwanan wata, lokaci, kilomita, lita, sunan gidan mai. Ya buɗe shafin ƙarshe, ya daɗe yana kallo.

"Gaskiyarka, ba ka tsallake ko ɗaya ba. Jiya, huɗu da minti talatin da biyar na yamma, lita goma sha takwas. Gurbin sunan gidan mai babu komai." Ya ɗago. "Wane gidan mai ne a cikin kwamin wanka, Shugaba?"



Nishiwaki ya miƙa hannu zai karɓe littafin, Kumagai ya mayar da shi bayansa. Ya sa aka buɗe akwatin gefen motar. Ga tiyo an wanke an naɗe, ga wata jarka shuɗiya tana warin man gas, ga kuma zoben ƙura a inda 'yar'uwarta ta saba zama.

"Me ya sa ka rubuta?" Kumagai ya tambaya, don abin ya ba shi mamaki da gaske.

"In ban rubuta ba lissafin zai lalace," in ji Nishiwaki, kamar an yi masa tambayar wauta.

Sai ya gyara hularsa ya miƙe sosai.

"To, ni ne. Na ɗauki makullin, na zuƙe, na mayar. Shekara arba'in ina kai wa ƙasar nan kaya cikin ƙanƙara da ruwan sama. Yanzu da na ce bari in zaga in gan ta da idona, sai a ce in ajiye mota don mai ya fi ƙarfina? Matata ta ce in sayar. Ba zan sayar ba!"

Toyoshima, wanda aka dawo da shi a motar bakanike, ya matso a hankali.

"Shugaba, shekara tara muna tafiya tare. Kana da kananzirin a hannunka. Me ya hana ka zuba a taka motar?"

Nishiwaki ya dube shi da mamaki.

"In kashe injina?"

Toyoshima ya juya masa baya.

"Ita kuma tsohuwar?" in ji Kumagai.

"Ai ba 'yar ƙungiya ba ce."

A nan ran Insfekta ya ɓaci sosai. Da ma ya yi niyyar tafiya da shi ba ankwa saboda shekarunsa. Ya zaro ta ya ɗaura masa a gaban kowa.

Ana sa shi a mota wata ƙaramar mota ta shigo da gudu. Wani mai kwat ya fito yana haki, ya yi ta rusunawa yana bai wa jama'a haƙuri tun bai ji me ya faru ba. Sannan ya miƙa wa tsohuwar tafin hannu.

"Mama, ya isa haka. Kawo makullin."

"Sauke hannunka, malam," in ji Kumagai. "Mahaifiyarka ba ta yi komai ba. Ga mai laifin can."

Ɗan ya tsaya sororo, hannun na nan a miƙe.

"Duk da haka, Mama, man nan kullum tashi yake yi. Har yaushe za ki iya?"

Iya Kagaya ta shiga motarta, ta fito da ƙullin ganyen miya ta ɗora masa a tafin hannun.

"Kai wa matarka. In mai ya gagare ni zan yi tafiyar kilomita biyar a rana. In ya ƙara, ɗaya. Amma ni zan riƙe sitiyarin."

Ta hau, ta murza makulli. Injin ya yi tari sau biyu sannan ya kama.

Ta leƙo ta taga ta dubi 'yan ƙungiyar da suka yi cirko-cirko a gabanta.

"Ku matsa mini. Tsayuwar nan mai take ci."