Giɓin da Selorm Ya Rufe

Da yamma Selorm ya koma ofishin taswira na garin Ho, a Ghana, da ƙunshin kenke, tuwon masara, a hannu. Gobe za a buɗe dam, kuma da safe ake son taswirar gidajen da ruwa zai ci. Gidan mahaifiyarsa, Afi, yana ƙauyen da ke bakin kogin.

Tsohuwar taswirar takarda ce aka saka a kwamfuta. Layukan da ke nuna tsayin ƙasa duk sun tsintsinke, kuma na'ura ba ta zuba launi sai layi ya zagayo ya haɗe. Sai ya rubuta umarni, duk inda bakin layi biyu suka kusanci juna, a ɗinke.

Efo Kodzo, shugaban ofishin, ya leƙo yana saka hula.

"Wannan giɓin da ya taso daga kogi ya hau tudu, kar ka taɓa shi. Da gangan tsofaffin masu awo suka ɗage alƙalami. Hanyar mutanen ruwa ce."

"Efo, aljanu ma sun iya karanta taswira?"

"Ka ci kenkenka," in ji tsohon, ya fita.

Selorm ya danna. Layuka suka riƙa haɗewa, shuɗi na cika su. Giɓin ma ya rufe.

Fanka ta tsaya.

Warin taɓo ya cika ɗakin, irin na gindin kogi. Sai ya ji tafiya a baranda, ƙafafu jiƙaƙƙu, da yawa. Suka tsaya.

Aka ƙwanƙwasa bango, inda babu ƙofa.

Ya dubi allo. Shuɗin na motsi ba da hannunsa ba. Ya taru a inda ya ɗinke, ya kumbura, sannan ya karkata gefe yana neman mafita. Gidan mahaifiyarsa ya nufa.

Ruwa mai sanyi ya taɓa idon sawunsa.

"Ɗan Afi," aka raɗa a bayan kunnensa. "Ta ina za mu bi?"

Bai waiwaya ba. Ya nemo layin farko da ya ɗinke a giɓin, ya yanke. Na biyu. Numfashin mai raɗar na kan wuyansa. Ya yanke na ƙarshe.

Tafiyar ta wuce ta gefensa, ta shige bango.

Da safe taswira ta fita da farin zare a tsakiyar shuɗi, wanda ya zana iyakarsa da hannu. Efo Kodzo ya dubi jiƙaƙƙen siminti, ya sa hannu a taswirar.

Da ruwa ya zo washegarin buɗe dam, a bakin shingen tsohuwa Afi ya tsaya. Ta kira ɗanta a waya.

"Shekaranjiya da magariba wasu baƙi sun tsaya a ƙofata, jikinsu na ɗiga. Har sun sa ƙafa a zaure, sai babbansu ya ce a juya, yaron ya buɗe. Wane yaro ne, Selorm?"