Safar Daeng Rewa

Tenri na tsaka da wanke gyambon wata tsohuwa a asibitin da take aikin jinya a birnin Makassar, sai ga wani siririn saurayi da kwamfuta a hammata, wai shi Irsan. An ɗauko shi ne ya lissafa tsawon lokacin da gyambo ke ɗauka kafin ya warke.

"Malama, marasa lafiyar da suka daina zuwa fa?"

"Mai asibiti ya ce a rubuta sun warke."

"Wa ya gani?"

Ta ɗago don ta harare shi, sai ta kasa sauke ido. Abu kamar wasa, soyayya ta kankama.

Irsan fa taurin kai gare shi. Duk wanda ya ɓace, iya ranar ƙarshe da aka gan shi da ciwonsa yake ƙirga masa, ba ya yi masa kyautar waraka. Lissafi ya fito, wata biyun da asibitin ke taƙama da su suka koma biyar. Aka sallame shi. Ga shi kuma mahaifin Tenri, Daeng Rewa, ya riga ya yi wa ɗan mai asibitin alkawarinta. Da ta kai masa maganar Irsan, sai ya daka tsawa:

"Mai ƙirgan gyambo? Ba a gidana ba!"

Irsan ya turo mata saƙo: "Tenrina, ko kin daina zuwa, ba na cire ki a lissafina."

"Wa ya ce maka na daina? Gobe ka zo gida, sarkin gardama."

Ya zo. Tenri ta ajiye shayi, ta tsaya a kan mahaifinta, wanda shi ma ya taɓa jinyar gyambo a asibitin, yanzu kuma duk zafin garin nan ba ya rabuwa da safa.

"Baba, kai ma ka daina zuwa, suka rubuta ka warke. Cire safar nan."

"Ke! Ni kike ba umarni?"

"In ƙafar lafiya take, na auri wanda ka zaɓa."

Ba ta janye ba. Can tsohon ya cire. Ciwon ya ci rami. Ta durƙusa tana wankewa tana hawaye, Irsan na riƙe da kwano.

"Kai mai lissafi, yaushe zan warke?"

"Rabin masu irinsa kan warke cikin wata biyar, Baba, in ba su gudu ba."

"To ku sa rana a na shida. Ba mai ɗauka ta wurin bikin 'yata."

Ranar lalle kuwa da ƙafarsa ya tako, ya shafa mata lallen a tafin hannu bisa al'adarsu.

"Allah Ya yi muku albarka, masu kunnen ƙashi."