Jan Takalmin Alheri

"Ki ajiye takalmin nan ki ci abinci, Suwaiba. Tun ɗazu shi kike shafawa."

"Kai dai ci naka, Malam!"

Muna cikin ɗan ɗakinmu na haya a Ingila, ruwa na zuba kamar kullum. Mijina Maharazu ya ture kwano ya matso kusa da ni.

"Hasken idona, mi na yi kuma?"

"Kai ka bari aka raba ni da ita!"

"Ni? Ranar nan hwa ke na duba. Kalma guda na jira ki ce..."

"In buɗe baki gaban Goggo in ce ina son ɗiyar hwari? A yi da ni a garinku Damari har in mutu?"

Na fashe da kuka, don na san gaskiya ya faɗa.

Lokacin da kuɗin mai suka cika hannun gwamnati aka zaɓe shi, yana malamin gona a Faskari, ya zo ƙaro karatu, aka ce har da matarsa. Ɗiyarmu Alheri na hannun Goggo, mahaifiyarsa, an kai ta yaye. Goggo ta ce, "A bar mani ita, sanyin can ba na yara ba ne."

Ni kuwa sarkin kunya, wadda ko sunan yarinyar ban taɓa kamawa ba sai dai "yarinyar nan", har da 'yar dariyata na ce, "Ai taku ce, Goggo."

A Ingila na ga iyaye mata na sumbatar 'ya'yansu a cikin bas, a gaban kowa. Da farko cewa nake marasa kunya. Daga baya sai na koma zama bayansu ina kallo, ina haɗiyar zuciya. Wata rana na ga ɗan jan takalmi a shago, na auna shi da tafin hannuna, daidai yadda na tuna ƙafarta, na saya.

Maharazu ya share min hawaye da yatsansa.

"In mun je hutu za mu dawo da ita. Amma ke za ki hwaɗa, abar ƙaunata. Ni ba na iya duban idon Goggo."

"Zan hwaɗa, wallahi!"

Sai a damina ta uku muka samu zuwa. Muka sauka Kano, muka bi ta Funtuwa, laka ta riƙe mota har sai da maza suka tura. Ni dai jakata na ƙanƙame a ƙirji.

A tsakar gida na gan ta, tana korar kaji daga shanyar kuɓewa. Ta yi tsawo, ta ɗauko goshin ubanta sak.

"Zo ki gaida baƙi, uwata," in ji Goggo.

Ta leƙo daga bayan zanen Goggo. Na durƙusa na fito da takalmin, na sa mata. Yatsunta kaɗai suka shiga, dunduniya duk a waje. Mata suka kwashe da dariya, na taya su, zuciyata kuwa kamar ana yanka ta.

Ana gobe za mu koma na sami Goggo tana tankaɗe. Na zauna a ƙasa.

"Goggo... ina so in tahi da ita."

Ta ajiye rariya. Tun rasuwar Baba, mijinta, yarinyar nan ce abokiyar hirarta, tabarma ɗaya suke kwana.

"Da kin hwaɗa tun can, ɗiyata, da ban saba ba," ta ce a hankali. "Amma taki ce. Ku tahi."

Da safe Goggo da kanta ta yi mata wanka, ta ɗaure kayanta a ɗankwali. A bakin mota na miƙa hannu na ɗauke ta. Sai ta ƙwalla ƙara!

"Goggo! Goggona, za a sace ni! Wayyo Goggo!"

Ta yakushe min wuya, tana miƙa hannu baya har numfashinta na sarƙewa. Goggo ta juya mana baya, kafaɗunta na rawa. Na dubi Maharazu, idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

Na sauke ta. Da gudu ta je ta cusa kai cikin zanen Goggo.

"Suwaiba, ki tabbata..." in ji shi.

"Mu tahi, Malam."

Mota ta tashi. Na leƙa ta taga, ga dangin miji tsaye reras, maza da mata. Ban damu da kowa ba, na buɗe murya iya ƙarfina, karon farko a rayuwata.

"Alheri! Alheri ɗiyata!"

Ta ɗago. Hawayen sun bushe, jan takalmin na rungume a hannunta kamar 'yar tsana. Ta ɗaga min ɗaya hannun tana murmushi.

"Sauka lahiya, baƙuwa!"