Baƙuwar Cikin Kwamfutar Armaya'u

Duk wanda ya san Armaya'u a Batsari ya san kwamfutar nan ta zaurensa, inda 'yarsa Mahfuza ke buga wa mutane takardu. Ita kaɗai Allah ya bar masa cikin haihuwa huɗu, kuma yana sonta son da har maƙwabta ke yi masa tsiya.

Wata Alhamis, rana ta yi ja, awaki na shigowa gida, kwamfutar ta mutu ɗif. Washegari ma haka, dab da magariba. Mai gyara ya duba, ya ce akwatin da ke raba mata wuta ne, fankarsa ke tsayawa. Ko dai a riƙa barinta ta huta da yamma, ko a sa sabo mai ƙarfi. Matarsa Zuwairatu ta ce a bi na farkon, da ma magariba ba lokacin aiki ba ce. Ina! Armaya'u da taurin kai kamar jakin kasuwa. Ya hau mota zuwa Katsina, ya zaɓo mafi ƙarfi, ya ciro tsohon ko bisimilla babu, ya jefa shi a murhu don ya tsinci wayar tagullar ciki.

Tun ranar gidan ya yi nauyi. Da an kira magariba sai duwatsu su fara sauka kan kwano, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. In sun tsaya, sai wani siririn kuka daga wajen murhu. Rana ta uku Mahfuza ta zame daga kujerar aiki, idanunta a juye.

Aka ɗauko Malam Nurain daga Safana a kan babur. Ya yi ta karatu har muryarsa ta dishe, sannan bakin yarinyar ya motsa da muryar wata mace da ba wanda ya sani. Ta ce ita aljana ce, gudun hijira ta yi. Ƙauyensu ya watse, an ƙone tsamiyar da take ciki, ta biyo mutane gari, ba ta sami wuri mai ɗumi ba sai akwatin nan. Can ta haihu. Da yamma takan tsayar da fankar ta shayar da jaririnta.

"Ɗan lokaci kaɗan nake ci masa a yini," in ji ta. "Ya ƙone mini ɗa da ransa. Rai zan ɗauka."

Malam ya ce mutumin bai sani ba, yarinya kuma ba ta da laifi, ya tuna mata azabar Allah. Armaya'u ya durƙusa yana kuka, ya yi tayin rago, ya yi tayin gidan, har ransa ya miƙa. Ta ce me za ta yi da ran tsoho? Aka yi ta ja har aka kira lisha.

"Na bar masa ita da ranta, Malam, albarkacin karatunka. Amma abin da na rasa shi ma zai rasa."

Kafin Malam ya nemi bayani, yarinyar ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki.

Mahfuza ta buɗe ido, ta kira innarta, ta gaida Malam. Armaya'u ya matso kusa da ita. Ta ja mayafi ta rufe kai.

"Inna, wane ne wannan mutumin?"

An yi rubutu, an yi hayaƙi, an je asibiti har Katsina. Ta san kowa, shi kaɗai aka goge. Yau shekara biyu ke nan, kullum da safe takan durƙusa ta gaishe shi da ladabi, ta tambaye shi yaya ya baro mutanen gidansa.